Ma'aunin Hujja a Sha'anin Magani

 Allah ya ƙara wa majinyatanmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada.

Maganar da za mu ɗauka yau ta shafi likita da nas da ungozoma da mai kemis, amma ba su kaɗai ba, domin duk wanda ya taɓa kwana a bakin gadon ɗansa, wannan ya ce a ba shi kaza, wancan ya ce a'a kaza ya fi, ya san nauyinta. A da mai tallar magani yakan kafa hujja da kakansa wanda ya gada. Yanzu kuwa, ko mai lasifika ne a bisa mota, ko saƙon WhatsApp da aka turo daga wani da ya turo daga wani, ko wakilin kamfani da ya shigo ofishin likita da jaka da kalanda da alƙalamin kyauta, duk magana ɗaya ce a bakinsu, watau wai bincike ya nuna. To, bincike kuwa ba matsayi ɗaya yake ba. Akwai wanda ya isa a sauya aikin asibitocin ƙasa baki ɗaya saboda shi, akwai kuma wanda bai kai a tashi daga zaune dominsa ba, alhali dukansu an buga su a takarda, da lambobi, da sunayen daktoci a kai.

Awon labari ba baƙon ilmi ba ne gare mu. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji cewa ma'abota hadisi ba su karɓar ruwaya don matani ya yi musu daɗi, sai sun bi isnadi sun ga ko ya sadu, sun tambayi adalcin kowane marawaici da ƙarfin kiyayewarsa, sun duba ko ya saɓa wa waɗanda suka fi shi, sun kuma tono ko da wata ɓoyayyiyar illa, sa'an nan su ce wannan sahihi ne, wannan hasanun ne, wannan da'ifi, wannan kuwa ƙage ne. Masana lafiya na wannan zamani su ma sun yi wa hujjojinsu daraja huɗu, bisa wani tsari da ake kira GRADE wanda Hukumar Lafiya ta Duniya take aiki da shi in za ta fitar da shawara: hujja mai ƙarfi, da matsakaiciya, da rarrauna, da rarrauna ƙwarai.

Amma fa akwai inda sha'anin magani ya fi wuya. A ruwaya, in adali mai kiyayewa ya ce ya gani da idonsa, an kusa gama magana. A magani kuwa adali mai kiyayewa yana iya gani da idonsa, ya faɗi gaskiya tsantsa, kuma ya ɓatar da jama'a. Dalili shi ne, abin da ya gani, majinyaci ya sha magani ya tashi. Abin da bai gani ba, kuma ba shi da ikon gani, shi ne yadda wannan majinyacin zai kasance da ba a ba shi kome ba. Mura takan sake mutum cikin mako guda ko ya sha magani ko bai sha ba. Mai ciwon gaɓoɓi ba ya neman magani sai ranar da ciwon ya kai maƙura, daga maƙura kuwa galibi sauƙi ne ke biyowa, sai kwalbar da aka buɗe a ranar ta kwashe yabo. Sa'an nan wanda ya warke shi ke komowa da godiya da goro, wanda bai warke ba ya yi gaba wajen wani mai maganin, wanda ya rasu kuwa ba ya dawowa ba da shaida. Don haka mai magani, ko na asibiti ko na gargajiya, yakan tsufa bai ji kome ba sai labarin nasararsa.

Cikin magabatan da suka farga da wannan akwai Abubakar ar-Razi, mutumin Rayyu, wanda ya shugabanci asibiti a Bagadaza, ya rasu wajen shekarar 925. A littafinsa al-Hawi ya ba da labarin waɗansu majinyata masu alamun ciwon da ya yi kama da sanƙarau, ya ce ya tsaga wa kashi ɗaya jijiya ya fitar musu da jini, ya bar ɗaya kashin da gangan, don ya kwatanta ya san gaskiyar ra'ayinsa. Bayansa Ibn Sina, cikin al-Ƙanun wanda ya kammala a 1025, ya gindaya sharuɗɗa bakwai na jarraba magani, daga cikinsu akwai cewa lalle a ga aikin maganin kullum ko a mafi yawan lokuta, in ba haka ba dacewa ce kurum, da kuma cewa a jarraba shi a jikin ɗan Adam, domin abin da ya yi wa doki ko zaki ba dalili ba ne a kan mutum. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya kamata a rubuta shi a ƙofar kowane gidan jarida, saboda yawancin labaran nan na an gano maganin daji ko na ciwon suga, in ka bi asalinsu, a jikin ɓeraye aka gano shi.

Sai dai hukuncin da ar-Razi ya fitar, cewa fitar da jini ya yi amfani, likitocin yau ba su tare da shi, kuma nan ne gizo yake saƙa: kwatanci kaɗai bai wadatar ba muddin hannun likita ne ya raba mutanen. Likita mutum ne, yana da tausayi, yana kuma da buri. In ya yi imani da sabon magani, zuciyarsa za ta karkata, ba tare da ya sani ba, ya ba da shi ga wanda yake ganin zai jure, ya tsallake tsoho da wanda ya riga ya galabaita. Ƙarshe sai a tarar waɗanda suka sha sabon magani sun fi rayuwa, alhali tun fil'azal su ne masu ƙarfin jiki.

Maganin wannan illa shi ne ƙuri'a. A 1948 Majalisar Binciken Lafiya ta Ingila ta buga sakamakon gwajin wata allura ta tarin fuka mai suna sitiraftomaisin, wadda a lokacin kaɗan ce ƙwarai a ƙasar, ba ta isar kowa ba. Wani masanin ƙididdiga, Austin Bradford Hill, ya tsara rabon bisa lambobin ƙuri'a da aka rufe cikin ambulan, ta yadda likitan da ya shigar da majinyaci bai san ɓangaren da zai faɗa ba sai bayan an riga an karɓe shi. Majinyata 107 ne: 55 aka yi musu allurar tare da hutun gado, 52 hutun gado kaɗai, wanda shi ne jinyar da aka sani a wancan zamani. Cikin wata shida, 4 suka rasu a kashin farko, 14 a na biyu. Har ma hotunan ƙirjin majinyatan, waɗanda suka karanta su ba a gaya musu na wane ɓangare ba ne, don kada fata ya gyara musu gani. Saboda haka in an kawo maka bincike, farkon abin tambaya shi ne, da su wa aka kwatanta, wa ya yi rabon, kuma masu duba sakamakon sun san wanda ya sha da wanda bai sha ba?

Wani zai ce, Malam, wannan duk wahalar banza ce ga abin da ido ke gani ƙarara. To, ga labarin da nake so ma'aikatan jinya musamman su karkaɗe kunne su ji.

Shekara da shekaru abin da aka yi ta koyarwa, wanda aka ɗauko daga manyan asibitocin Turai da Amurka, shi ne in an kawo yaro da zazzaɓi mai tsanani, tafin hannu da ƙafa sun yi sanyi, jijiya tana bugawa da sauri ba ƙarfi, to a yi maza a ɗura masa ruwa mai yawa ta jijiya cikin ɗan lokaci, ban da ƙarin ruwan nan na yau da kullum da ke ɗiga a hankali. Hankali ya karɓi wannan, littattafai sun yi ittifaƙi a kansa, ido kuma ya shaida: ka ɗura ruwan, ba a jima ba ƙafa ta ɗumama, jijiya ta cika, yaro ya buɗe ido, uwa ta yi hamdala. A 2009 aka fara wani gwaji mai suna FEAST a asibitoci shida na Yuganda da Kenya da Tanzaniya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kathryn Maitland, kuma masu gwajin sun shiga ne da kyakkyawan zaton za su tabbatar da amfanin abin don a yaɗa shi a Afirka. Aka raba yara 3,141 bisa ƙuri'a. Duka an ba su maganin ƙwayoyin cuta da na zazzaɓin cizon sauro da sauran kulawa gwargwadon bukata, bambancin kawai waɗansu an yi musu ɗurin gaggawa, waɗansu ba a yi musu ba. A watan Janairun 2011 kwamitin da ke sa ido a kan alƙaluman ya ce a tsaya. Cikin sa'a 48, waɗanda aka yi wa ɗurin sun rasu kimanin kashi 10.5 cikin ɗari, waɗanda ba a yi wa ba kashi 7.3.

Ku dubi wannan da kyau. Idon ma'aikatan bai yi musu ƙarya ba, don da aka sake bin alƙaluman an tarar lalle yaran da aka yi wa ɗurin sun fi nuna alamar farfaɗowa a sa'ar farko. Amma rarar yara uku cikin kowane ɗari da ke mutuwa daga baya, wani da asuba, wani a hannun ma'aikacin da ya karɓi aiki, a ɗakin da dama kullum ana rasuwa, ba nas ɗin da za ta iya gane ta da ido ko da ta shekara talatin tana aikin. Sai lissafin dubbai. Mun yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa, amma an umarce mu da riƙon sababi, kuma yana daga cikin amanar mai riƙon sababi ya binciki ko abin da ke hannunsa magani ne ko cuta.

A nan dole in ja kunne, kada wata uwa ta je asibiti gobe ta hana a sa wa ɗanta ruwa ta ce a rediyo ta ji. Wannan gwaji bai haɗa da yara masu gudawa da amai waɗanda ruwan jikinsu ya ƙare ba, bai haɗa da masu tamowa mai tsanani ba, ko masu ƙuna ko rauni. Mai gudawa da mai kwalara ruwa ne ransu. Kowane bincike yana da iyakar mutanen da ya yi magana a kansu, kuma wuce wannan iyaka ƙiyasi ne ba bisa ƙa'ida ba.

Irin wannan ruɗin ido ya faru a Amurka a 1989, inda aka gwada waɗansu ƙwayoyi biyu da ake ba waɗanda suka tsira daga bugun zuciya don daidaita musu harbawarta. Zanen na'ura ya daidaita sarai, amma waɗanda suka sha ƙwayoyin sun fi waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta mutuwa fiye da ninki biyu. Don haka in an ce maka magani ya yi aiki, tambayi me aka ƙirga: lambar da ke fitowa daga ɗakin gwaje-gwaje, ko kuwa rai da lafiya da komawa gida?

Sai batun yawa. Mutum goma sha biyu ba su isa a raba dacewa da gaskiya ba, sai fa in aikin maganin ya kai girman da makaho ma zai lalubo. Kwinin ya daɗe ƙwarai yana sarautar maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kuma yana aiki, ba wanda ya musa. Tambayar ita ce ko allurar atesunet ta fi shi. Sai da aka tara yara 5,425 a cibiyoyi 11 na ƙasashen Afirka 9, har da Ilorin, sa'an nan amsa ta fito a 2010: yara 297 suka rasu a ɓangaren kwinin, 230 a ɓangaren atesunet, watau kashi 10.9 da kashi 8.5 cikin ɗari. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta. Amma ku lura da yadda lamba ɗaya take da fuska biyu. Ana iya cewa atesunet ta rage mutuwa da kashi 22.5 cikin ɗari, gaskiya ne. Ana kuma iya cewa cikin kowane yara 41 da aka yi wa ita maimakon kwinin an tsirar da ƙarin rai guda, shi ma gaskiya ne. A cuta mai kisa irin wannan, rai guda cikin 41 abu ne babba. Amma mai talla, in cutar da yake magana a kai tana kama mutum biyu ne cikin dubu goma, maganinsa ya mai da su ɗaya, zai buga da manyan baƙaƙe cewa ya rage haɗari da rabi, ba zai ce maka sai mutum dubu goma sun saya sun sha kafin ɗaya ya amfana ba. Duk wanda ya ce maka rabi, ce masa rabin nawa.

Akwai kuma abin da malaman hadisi za su kira tadlisi, watau ɓoye aibi. Ba mu manta watan Maris na 2020 ba, lokacin da aka yi ta rububin sayen kulorokwin saboda korona, har hukumomin Legas suka ba da labarin waɗanda aka kwantar don sun sha fiye da kima. Babban tushen wannan guguwa wani ɗan rahoto ne daga birnin Marseille na Faransa a kan wani ɗan'uwan kulorokwin. Mutum 26 aka ba maganin, ba a yi ƙuri'a ba, abin da aka ƙirga kuwa ƙwayar cutar ce a cikin hanci, sa'an nan aka cire shida daga lissafi, alhali uku daga cikinsu an wuce da su sashen kulawa ta musamman, ɗaya kuma ya rasu. In kana fitar da duk wanda jikinsa ya tsananta daga littafinka, ai ko ruwan randa sai ya zama magani. Da aka yi babban gwaji na ƙuri'a a Ingila mai suna RECOVERY, da mutum sama da 4,700 a wannan ɓangare nasa, ba a ga maganin ya rage mutuwa ba ko kaɗan. Mujallar da ta buga rahoton Marseille ba ta janye shi ba sai a ƙarshen 2024. To, a kowane bincike a nemi sanin mutum nawa suka shiga, nawa aka ƙirga a ƙarshe, ina sauran suka tafi. A kuma nemi sanin wa ya biya kuɗin aikin, ba don mai kuɗi lalle maƙaryaci ba ne, sai don shaidar mai rabo a cikin shari'a tana bukatar ƙarin tantancewa.

Bincike ɗaya, kome kyansa, labarin mutum ɗaya ne. Wani likita ɗan ƙasar Sikotilan, Archie Cochrane, ya daɗe yana zargin abokan aikinsa da cewa ba su tattara gwaje-gwajen da aka riga aka yi su duba su gaba ɗaya, kuma da sunansa aka kafa wata ƙungiya a 1993 wadda aikinta ke nan: a nemo duk abin da aka yi a kan mas'ala guda, wanda ya goyi baya da wanda ya saɓa, a auna ingancin kowane, sa'an nan a haɗa lissafi. Tambarin ƙungiyar ma daga irin wannan aiki aka zana shi. Tun 1972 waɗansu likitoci biyu a Niyuzilan, Liggins da Howie, suka nuna cewa wata allura mai araha, in an yi wa macen da za ta haifi bakwaini, tana taimakon huhun jaririn. Gwaje-gwaje suka biyo baya, ƙanana, wannan ya ce i, wancan ya ce bai tabbata ba, likitoci da yawa suka yi ta jinkiri, sai wajen 1990 da aka haɗa su wuri ɗaya gaskiya ta fito fili.

Amma labarin bai ƙare nan ba, kuma ragowarsa ta fi shafarmu. Waɗancan gwaje-gwaje galibi a asibitocin ƙasashe masu wadata aka yi su. Da aka kai allurar karkarar ƙasashe shida, cikinsu har da Kenya da Zambiya da Indiya, inda ba na'urar hoton ciki da za ta tabbatar da watannin ciki, ba kuma wurin renon bakwaini, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna mutuwar jarirai ta ƙaru, an kuma tarar an yi ta yi wa mata da yawa waɗanda cikinsu ya riga ya isa haihuwa. Sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake wani gwajin a asibitoci 29 na ƙasashe biyar, har da Nijeriya, waɗanda ke iya tantance watannin ciki da kula da jariri, da mata 2,852. A 2020 aka ga mutuwar jarirai kashi 19.6 ce a ɓangaren allurar, 23.5 a ɗaya ɓangaren. Allura ɗaya ce, amma amfaninta ya rataya ga wurin da ake yin ta da wadda ake yi wa. Don haka likitan da ke ƙaramin asibiti a ƙauye, in ya karanta sahihin bincike daga Landan, da sauran tambaya a gabansa: mutanen nan irin nawa ne, kayan aikinsu irin nawa ne?

Na san akwai masu saurare, musamman a Kano, waɗanda da sun ji kalmar gwaji sai gabansu ya faɗi, kuma suna da dalili. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara 200, rabi aka ba su shi, rabi wani maganin. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka shekara da shekaru ana shari'a, har a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Saboda haka yana cikin awon bincike a tambayi ko kwamitin ɗa'a ya amince tun kafin a fara, ko an yi wa mutane bayani da harshen da suke ji, ko an gaya musu suna da ikon ƙi ba tare da an hana su jinya ba. Sai dai a ra'ayina, wanda ya ce saboda wannan a daina gwaji ɗungurungum bai yi wa 'ya'yanmu adalci ba, domin maganin da ba a jarraba ba in ana ba da shi kullum a asibiti, shi ma gwaji ne, sai dai ba mai rubuta sakamakonsa.

Ba kuwa kowace mas'ala ake yi wa ƙuri'a ba. Ba wanda zai raba mutane ya ce ku ku sha taba shekara ashirin. Da bin tarihin majinyata Richard Doll da Bradford Hill ɗin nan suka nuna alaƙar sigari da dajin huhu a 1950, kuma girman bambancin da maimaituwarsa a ƙasashe daban-daban suka kai hujjar matakin yaƙini. Haka nan wannan ma'auni ba a ƙera shi don a tozarta maganin gargajiya ba. Kwinin daga ɓawon itacen Kudancin Amurka ya fito, atesunet kuwa asalinta wani tsiro ne da mutanen Sin suka daɗe suna sha, wanda wata masaniya, Tu Youyou, ta tace sinadarinsa, har aka ba ta lambar Nobel a 2015. Saiwa da ƙwayar kamfani sikeli ɗaya za su hau.

Bari mu gwada ma'aunin a kan abin da ya fito daga gida. Zubar jini bayan haihuwa na kan gaba cikin abin da ke kashe iyayenmu mata, kuma ungozoma ta saba kimanta jinin da ido, daga zane da tsumma da abin da ya zuba ƙasa. A 2023 aka buga wani gwaji mai suna E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata sama da 210,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero take cikin jagororinsa. Asibitocin ne aka raba bisa ƙuri'a. A rabinsu ana shimfiɗa wa mai jego wata leda mai aljihu da zanen awo a jiki, jini yana taruwa ana karanta lamba, da ya kai iyaka sai a haɗa matakan ceto gaba ɗaya a lokaci guda, da murza mahaifa, da allurar tsuke ta, da ta tsai da jini, da ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa, maimakon a gwada ɗaya a jira a gani. Mummunan sakamako, watau zubar jini mai tsanani ko tiyata ko mutuwa saboda jini, ya kasance kashi 1.6 cikin ɗari a waɗannan asibitoci, 4.3 a sauran. Yawa ya isa, rabo na ƙuri'a ne, kuma matanmu ne a asibitoci irin namu. Sai dai a faɗi ɗaya gefen: ba yadda za a ɓoye wa ungozoma tsarin da asibitinta ke bi, kuma mafi yawan bambancin a zubar jini mai tsanani aka same shi, mace-macen kuwa ba su da yawa a ɓangarorin biyu, don haka hujjar cewa tsarin yana rage zubar jini ta fi ƙarfin hujjar cewa yana rage mutuwa ita kaɗai. Kuma a asibiti aka yi shi, bai ce kome ba game da wadda ta haihu a ɗakinta.

Lokaci ya cim mana, jama'a.